Don Allah ku daina ba mai jiran tiyata abinci a ɓoye

Ni ma'aikaciyar ɗakin tiyata ce, ɓangaren allurar barci, a wani asibitin ƙaramar hukuma a Jigawa, kuma akwai abin da ya ishe ni. Za mu ce wa mai jinya kada a ba majinyaci komai kafin aiki, ta ce to. Gari na wayewa sai a lallaɓo da kofin koko a ƙarƙashin mayafi a ba shi. Mu zo mu tambaya: Baba, ka ci wani abu? A'a. Inna, kin ba shi wani abu? Wallahi ko ruwa. Sai barci ya ɗauke shi, amai ya taso, mu ga koko da idonmu.

Na san tausayi ne. Ba uwar da za ta ji daɗin ganin ɗanta yana kukan yunwa. Amma wanda aka yi wa allurar barci ba ya iya tari, abin da ya taso daga cikinsa huhu yake wucewa. Mutum ya zo aikin ƙaba da ƙafarsa, ga shi ana gudu da shi Dutse ko Kano da tukunyar oksijin, ana neman gado a ɗakin kulawa ta musamman. Wani ba ya kaiwa. A kan kofi ɗaya!

Kuma ku daina ce mini ai ruwa-ruwa ne. Koko abinci ne, fura da nono abinci ne, shayi da madara ma haka.

Bayarwar ma da sauƙi a kan ɓoyewar. In kun faɗa mana, muna da abin yi: mu ɗaga aikin 'yan awanni, in kuma na gaggawa ne, kamar mai naƙuda da za a ciro wa jariri, mu canza shiri mu tsare mata hanyar numfashi. Ko allurar baya, mai kashe rabin jiki na ƙasa ba tare da barci ba, aka ce za a yi, ku faɗa, don wani lokaci tilas a koma ta barci ana tsakiyar aiki. Me ya sa za ku ɓoye wa mai riƙe da numfashin ɗan'uwanku?

Abokan aiki, mu ma da namu. Duk wanda ya daka wa mai jinya tsawa don ta faɗi gaskiya, ya koya wa ɗakin gaba ɗaya yin shiru. Ɗalibar nas ko mai shara da ta ga kofin, ta yi magana, ko da babban likita ya riga ya sa safar hannu, kuma a gode mata a gaban kowa. Takardar binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 tana da tambaya a kan haɗarin amai ya wuce huhu kafin a sa majinyaci barci. A yi tambayar da baki, a daina cika takarda bayan an gama aiki.

Ga ƙa'idar, sai dai in likitanku ya faɗi wani abu daban:
Abinci, koko, madara: a tsaya awa 6 kafin aiki, mai maiƙo ko nama awa 8.
Nonon uwa: awa 4.
Zallan ruwa: awa 2, shi ma ku tambaya tukuna.
Rubutu, jiƙo, tiramol ko maganin hawan jini, duk abin da ya shiga baki ku gaya mana, da lokacin da aka sha.

In kunya ce ta hana ku faɗa a gaban mutane, ku ja nas gefe kafin a tura gadon.