Yadda sunan Kwamared ya baro ƙofar masaƙa

Kwana biyu ana ta cacar baki a kan wane ne Kwamared na gaske, wasu na cewa yaran 'yan siyasa na Facebook ne suka zubar wa sunan mutunci. Ni dai a ganina sun tarar da shi ne ya riga ya yi rauni.

Asali sunan 'yan ƙwadago ne da 'yan gurguzu, wato abokin gwagwarmaya, wanda in aka kore ka ba bisa ƙa'ida ba shi ma zai ajiye aiki. Kowa ya san labarin Michael Imoudu na reluwe da yajin aikin 1945, da masu haƙar kwal 21 da aka harbe a Inugu a 1949, sai kafa NLC, uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, a 1978. Daga nan ɗaliban jami'a suka ara suna kiran juna da shi.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya irin su Arewa da UNTL, ga na Kano a Bompai da Sharaɗa, har ta kai hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Kaduna take. A lokacin ba kai ke sa wa kanka sunan ba fa, duk wata ana cire kuɗin ƙungiya daga albashinka, abokan aikinka na sashe su ke zaɓen wanda zai shiga ofis ya yi magana da yawunsu kan obataya ko wanda inji ya ci wa yatsa, in ya sayar da su kuma gobe da safe tare za su tsaya gaban inji ɗaya, ina zai sa kansa? Bahaushe da Tibi da Bayerabe duk layi ɗaya suke bi a get, kuma duk Kwamared suke ce wa juna.

Sai matsalar wuta da tsadar baƙin mai da atamfar waje mai araha suka taru suka durƙusar da masaƙun, KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, dubban mutane suka koma acaɓa da gona. Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai, don tare da albashin har da wurin da ake gwada mutum kafin a kira shi da sunan aka rasa.

Matashin da ya gama karatu bayan nan bai samu masana'antar da zai shiga ba balle ƙungiya, ba katin memba ba wanda ya zaɓe shi, abin da ya rage masa shi ne sunan da ya saba ji a makaranta, sai ya manna shi gaban sunansa ya buɗe ƙungiyar matasa ta unguwa yana jiran lokacin kamfe.