Ƙwayoyin nano da hoton gano sankara: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ƙwayoyin nano?

Ƙananan ƙwayoyi ne da ake haɗawa daga ƙarfe, zinariya ko kitse, girmansu daga nanomita 1 zuwa 100. In aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000.

Ta yaya suke tona asirin sankara?

Mu ɗauki hanta. Ana zuba ƙwayoyin ƙarfen ta jijiya. Lafiyayyar hanta tana da wasu ƙwayoyin halitta masu share dattin jini, sai su haɗiye su. Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, da maganaɗisu take aiki, don haka duk inda ƙarfe ya taru sai ya yi duhu a hoto. Shi kuwa ƙarin sankara yawanci ba shi da masu sharar nan, sai ya fito fili kamar alli a baƙin allo. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan allura, Feridex, a 1996, kodayake daga baya an daina yin ta.

Akwai wata hanyar. A 1986 masu bincike Matsumura da Maeda na Japan suka nuna cewa jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, ƙwayoyin kan tsiyaya ciki su maƙale. Sai dai abin ya fi fitowa a jikin ɓeraye fiye da na mutane.

Ina amfaninsu ga mai sankarar mama?

Nan ne ya fi taɓa ni. Sankarar mama takan fara yaɗuwa ne zuwa kaluluwar hammata, kuma likitan tiyata yana son ya gano kaluluwar da sankarar za ta fara isa, ya cire a gwada, maimakon ya kwashe duka ya bar baiwar Allah da kumburarren hannu. An saba neman ta da sinadarin tekniciyam mai tururin nukiliya, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya duk awa 6. Ka ga kai shi garuruwa irin Katsina da Daura ba ƙaramin aiki ba ne. Magtrace, da FDA ta amince da shi a 2018, ruwa ne mai launin ƙasa da ke ɗauke da ƙwayoyin nano na ƙarfe. A yi allurarsa a mama, ya gangara kaluluwar, likita ya lalubo ta da ɗan sandan da ke jin maganaɗisu. Yana ajiyuwa, ba ya buƙatar sashen nukiliya.

Ba su da illa?

Suna da ita. Magtrace kan bar tabo a fata, ya kuma dagula hoton MRI na gaba. Ferumoxytol, maganin ƙarancin jini mai ƙwayoyin nano na ƙarfe da wasu likitoci ke ara don hoto, jikin wasu kan ƙi shi har rai ya shiga haɗari.

To, in jira su iso?

A'a, don Allah. Hoto nuni yake yi, gwajin tsoka ke yanke hukunci. Wadda ta ji kullutu a mama ko hammata, ko da ba ya ciwo, ta nufi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a duba ta, kada a tsaya shafe-shafe da sakiya.