Gidanka ne, amma ba ka sauya masa taga sai da izini

A Ingila mutum zai iya sayen gida da kuɗinsa, takardu su cika, amma ko ƙofa ɗaya ba zai cire ba sai ya nemi izini. Haka abin yake idan ginin yana cikin jerin gine-ginen tarihi da dokar 1990 ta ba kariya. Hukumar Historic England ce ke tantancewa, ministan al'adu ya yanke hukunci. Ba a jiran yardar mai gida, kuma kowa zai iya rubutawa ya ce a duba gini kaza.

Gine-ginen jerin suna da daraja uku, daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa: ta I, ta II mai tauraro, da ta II. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna ta II, ta I kuwa ba ta kai kashi 3 ba. Ginin da aka yi kafin 1700, in dai bai sauya kama sosai ba, da wuya ya tsallake, haka ma yawancin na kafin 1850.

Mu ɗauki Wentworth Woodhouse, gidan masu sarauta da ke kusa da Rotherham a kudancin Yorkshire, mai daraja ta I. A zahiri gida biyu ne da suka ba juna baya. Na yamma da jan bulo aka fara shi a 1725, da ado mai yawa irin na salon Barok. Ba a jima ba yayin ya wuce, sai masu gidan suka ɗora wani ta gabas a salon Palladio: dutse, dogayen ginshiƙai a tsakiya, hagu da dama kamar an tsaga kara. Tsawon wannan fuska ya kai mita 185, ɗakunan gidan sun haura 300.

Mutane da yawa suna zaton fuskar waje kawai doka ta kare. Ba haka ba ne. Ta haɗa ciki da waje: adon silin, matakalar bene, murhun ɗumama ɗaki, duk abin da ke manne da ginin. Har bargar dawaki da katangar lambu suna shiga, muddin suna cikin harabar tun kafin 1 ga Yuli 1948.

Duk aikin da zai taɓa kamannin ginin na tarihi sai an nemi izini a ƙaramar hukuma. Takardar kyauta ce, zanen gini da ƙwararru ne ke cin kuɗi. Ƙaramin gyara da irin kayan da aka tarar galibi ba ya buƙatar izini. Amma cire tagar katako a sa ta roba, ko cike tsakanin duwatsu da siminti maimakon kwaɓin farar ƙasa, wannan sai an tambaya. Kuma da dalili: siminti yana tare damshi a cikin bango, sanyin hunturu ya daskarar da shi, dutsen ya riƙa ɓarewa. Farar ƙasa kuwa tana barin ruwan ya fita.

Wanda ya yi gaban kansa ya aikata babban laifi, hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara 2 ko tarar da ba ta da iyaka. "Ban sani ba" ba hujja ba ce, kuma magini ma bai tsira ba. Abin da ya fi tayar wa masu saye hankali shi ne umarnin a mayar da gini yadda yake ba ya tsufa. Idan tsohon mai gida ya rushe matakala ba izini, sabon mai gida za a iya tilasta wa gyara.

Tsaurin nan yana da asali. Bayan yaƙin duniya na biyu, harajin gado da tsadar ma'aikata sun sa an rushe ɗaruruwan manyan gidaje irin Wentworth. An fara jerin tun shekarun 1940, amma sai a 1968 neman izini ya zama dole.

A ganina raunin dokar a fili yake: ta iya hani, ba ta iya biya ba. Ba ta ɗora wa mai gida wajibin gyara kai tsaye. Ƙaramar hukuma tana iya yin gyaran gaggawa ta caje shi, ko ta ba shi wa'adi sannan ta saye ginin da ƙarfin doka, amma wace hukuma ce za ta ɗauko wa kanta ɗakuna 300? Wentworth ya sha wuya: daga 1946 gwamnati ta haƙi kwal har kusa da ƙofarsa, daga baya rufin ya yi ta yoyo. Sai a 2017 wata gidauniya ta saye shi kan fam miliyan 7, gwamnati ta ba da miliyan 7.6 don gyaran gaggawa, galibi na rufi. Mai ƙaramin gida na daraja ta II da wuya ya ga irin wannan tallafi, kuma harajin VAT na kashi 20 yana kan gyaransa, alhali mai gina sabon gida ba ya biya.