Funfuna a cikin wadirob: tambayoyin da damina ke kawowa

Idan marka ta kankama a watan Agusta, sai ka buɗe wadirob wani wari mai kama da na tsohon rumbu ya tare ka. Takalmin fata ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, shaddar sallah kuma ta fito da ɗige-ɗige baƙaƙe a wuya.

Daga ina take shigowa, alhali ƙofar a rufe take?

Ƙwayoyinta suna yawo a iskar kowane ɗaki, ido ba ya ganinsu. Danshi kawai suke jira. Idan laimar iska ta daɗe sama da kashi 60 cikin 100, ga duhu, ga babu inda iska ke ratsawa, sun samu gida. Abincinsu kuwa mu muke ba su: auduga, fata, katako, gumin da ya bushe a riga, har da sitacin da ake yi wa shadda. Kayan da suka jiƙe, in ba su bushe cikin awa 24 zuwa 48 ba, tana iya kama su.

Na goge sau biyu, ta dawo. Me ya sa?

Saboda ba a taɓa tushen danshin ba, kuma nan ne aikin yake. A fitar da kaya duka, a janye wadirob ɗin, a shafa bangon da tafin hannu. In akwai sanyi da laima, ko fenti ya kumbura yana ɓarewa, a leƙa abin da ke bayan bangon. Sau da yawa banɗaki ne, bututu na tsiyaya a ciki. Wani lokaci rufin kwano ne ke ɗiga ta silin, ko ruwa ke hawowa daga ƙasa. Farin abin da ke fitowa kan bango kamar gishiri, yana narkewa in an zuba masa ruwa, ba funfuna ba ce, amma shi ma shaidar danshi ne. A kira mai gyaran famfo ko magini tukuna. In gidan haya ne, a nuna wa mai gida da idonsa.

To yaya ake wanke ta?

A buɗe tagogi, a sa takunkumi da safar hannu. Kaya a kakkaɓe su a tsakar gida, ba cikin ɗaki ba, a wanke, a shanya a rana su bushe ƙarau. Jikin wadirob a goge da ruwan sabulu, a bi da ruwan khal. Bango ko tayil ana iya amfani da bilic irin Hypo ko Jik, kofi ɗaya cikin ruwa kusan lita huɗu. Don Allah kada a haɗa bilic da khal ko wani maganin wanki, domin iskar da ke tashi tana ƙona huhu. A bar ƙofofin a buɗe da fanka har wurin ya bushe sosai kafin a mayar da kaya. Falankin baya na matsattsen garin katako kuwa, in ya kumbura ya yi laushi, ba ya wankuwa. Kafinta ya sauya shi.

Turaren wuta da kafur fa?

Turare yana rufe wari, ba ya busar da bango. Kafur ɗin nan farin ƙwallo an yi shi ne don asu, kuma ina roƙon iyaye su nisanta shi da kayan jarirai. Sinadarinsa na iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin yaron da aka haifa da ƙarancin G6PD (wani sinadarin jiki da ke kare ƙwayoyin jini), ya jawo masa shawara mai tsanani.

Tana cutar da mutum?

Tana sa atishawa, tari da ƙaiƙayin ido, tana kuma tayar da asma. Mai asma kada ya yi aikin gogewar da kansa. In wurin da ta cinye ya haura murabba'in mita ɗaya, gara a nemi masu aikin.

Me zan yi kada ta dawo baɗi?

A bar tazarar tafin hannu tsakanin wadirob da bango. Kada a cusa kaya har babu masaka tsinke, kada kuma a rataye rigar da aka cire da gumi. A cire ledar da mai wanki da guga ya saka wa kaya, don tana riƙe laima. 'Yan ƙananan jakunkunan nan masu ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi suna tsotse danshi, a ajiye su kusa da kayan fata inda hannun yara ba zai kai ba. Duk ranar da rana ta fito a damina, a buɗe ƙofofin wadirob, a fitar da akwatunan lefe su sha iska.