Waiwaye: Morishus da kujerun share hawaye

Duk mai neman kujerar majalisa a tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya sai ya cike wani gurbi a takardar tsayawa takara: shi Bahinde ne, ko Musulmi, ko mai asalin Sin, ko kuwa "sauran jama'a"? Wanda ya bar gurbin ba komai, an sha mayar masa da takardarsa. Wannan gurbi ɗaya ya fi shekara hamsin yana tayar da ƙura a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba.

Asali dai tsibirin ba shi da 'yan ƙasa, kowa baƙo ne. Turawan Holan sun zauna daga 1638, suka tattara nasu ya nasu a 1710. Faransawa suka maye gurbinsu a 1715, suka yi ta jigilar bayi daga Madagaska da Mozambik zuwa gonakin rake, har Ingila ta ƙwace wurin a 1810. Da aka soke bauta a 1835, masu gonaki suka juya Indiya neman 'yan ƙwadago na yarjejeniya. Kusan rabin miliyan ne suka sauka a tashar Aapravasi Ghat da ke Port Louis, babban birnin ƙasar, kuma jikokinsu, Hindu da Musulmi, su ne mafi rinjaye a yau.

Gab da 'yancin kai tsoro ya shiga zukata. A zaɓen 1967 kusan kashi 44 cikin ɗari sun bi jam'iyyar Gaëtan Duval, wadda ba ta son rabuwa da Ingila don gudun kada Hindu su yi babakere. A Janairun 1968 rikici ya ɓarke tsakanin Kiriyol (galibinsu jikokin bayin da aka kawo) da Musulmi a unguwannin Port Louis, aka yi asarar rayuka, sai da aka kawo sojan Ingila. Cikin wannan zaman ɗar-ɗar Seewoosagur Ramgoolam, firaminista na farko, ya karɓi tutar 'yancin kai ranar 12 ga Maris.

Maganin da aka sa a tsarin mulki shi ne: a zaɓi mutum 62, uku-uku daga mazaɓu 20, biyu daga tsibirin Rodrigues, sannan a ware kujeru har takwas ga 'yan takarar da suka faɗi da ƙuri'u masu kauri, idan al'ummarsu ba ta samu rabon da ya dace da yawanta ba. Kujerun share hawaye ke nan.

To amma da wane ma'auni ake auna yawan? Da ƙidayar 1972! Bayan zaɓen 1982 gwamnati ta daina tambayar mutane al'ummarsu a ƙidaya, don a rage ƙabilanci, amma ta bar rabon kujeru a kan tsoffin alƙaluma. Wato an rufe littafin, ana kuma ci gaba da karatu daga cikinsa. Sannan kwandon "sauran jama'a" ya haɗa jikan bawa da jikan Bafaranshen da ya mallaki gonar, kamar matsayinsu ɗaya. A ganina nan ne tsarin ya fi rauni. Kiriyol, waɗanda talauci ya fi yi wa katutu, ko sunansu babu a tsarin mulki. Fushinsu ya fito fili a Fabrairun 1999, lokacin da mawaƙi Kaya ya mutu a hannun 'yan sanda, tarzoma ta ɗauki kwanaki.

Jam'iyyar Rezistans ek Alternativ ta kai ƙara Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a 2012 ya ce tilasta wa ɗan takara bayyana al'ummarsa ya saɓa haƙƙinsa. Aka yi gyaran wucin gadi don zaɓen 2014 kaɗai, daga nan aka koma 'yar gidan jiya. Ƙananan al'ummu, musamman Musulmi, da yawansu ba sa son a taɓa kujerun, kuma ba su rasa hujja ba: tun 1968 Paul Bérenger kaɗai ne ya zama firaminista ba Bahinde ba, daga 2003 zuwa 2005. Sauran shekarun, kujerar tsakanin gidan Ramgoolam da gidan Jugnauth take kai-komo, kuma a Nuwamban 2024 ta sake komawa hannun Navin, ɗan Seewoosagur.