Tankin Manyan Tarwada: Girma Da Tace Ruwa

Tankin manyan tarwada shi ne akwatin gilashi ko kwamin da ake ajiye kifaye dangin tarwada a gida don kallo da sha'awa, ba don kiwon sayarwa ba. Dangin suna da yawa, akwai tarwada ɗin da muka sani wadda masunta ke kamawa a dam ɗin Dadin Kowa da kogin Gongola, akwai ramboshi, kurungu, minjirya, sai kuma na waje kamar wata tarwada mai jan wutsiya ta kogin Amazon a Kudancin Amurka. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne ci da yawa, kashi da yawa, da saurin girma, kuma a nan ne mutane suke rufta.

Ana auna tanki ne da girman da kifin zai kai nan gaba, ba girman da yake ranar da aka saye shi ba. Tarwada da ka sayo kamar ɗan yatsa, in tana samun abinci, cikin wata shida za ta iya kai kilo ɗaya, in aka bar ta shekaru tana wuce mita ɗaya a tsawo. Mai jan wutsiya ita ma tana zarce mita ɗaya, minjirya haka, ga ta da wutar da take kai bolt 350, kaga ba kifin da za a bar yara suna tsoma hannu ba ne. Kurungu ne mai sauƙi don yawancinsu ba sa wuce santimita 20 zuwa 30. Maganar da ake yi wai kifi yana tsayawa daidai girman mazubinsa ba gaskiya ba ce, tsumburewa yake yi saboda ƙunci da dattin ruwa.

Lissafin lita ba wuya, tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, sai a raba da 1,000. Tanki mai 180 da 60 da 60 zai ba ka lita 648, wato jarka 26 ta lita 25. Amma fa lita ba ita ce komai ba, tarwada a ƙasa take zama, saboda haka fili take so ba zurfi ba, dogon tanki siriri mai kyan gani a falo ba ya mata amfani. Ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce faɗin tanki kada ya gaza tsawon kifin don ya iya juyawa ba tare da ya lanƙwashe ba, tsawon tankin kuma ya ninka kifin sau uku zuwa huɗu. Toh da wannan lissafin tankin lita 648 ɗin nan iyakarsa kifi mai santimita 50 zuwa 60, wanda ya wuce haka gaskiya kwamin siminti ko na tamfol a tsakar gida ya fi masa, gilashin da zai ɗauke shi kuɗinsa ba na wasa ba ne. A tuna da nauyi ma, lita ɗaya kilo ɗaya ce, ruwan kaɗai ya kai buhun siminti 13, ba a ɗora shi kan teburin katako na falo. Murfi mai nauyi dole ne, tarwada tana tsalle kuma tana jan ciki a ƙasa da dare.

Tacewa ita ce inda aka fi yin kuskure, dalili kuwa tarwada tana da wata gaɓa a saman wurin numfashinta da take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa za ka gan ta da rai a ruwan da ƙarfasa ta daɗe da mutuwa, sai mutum ya ɗauka ai lafiya lau. Ba lafiya ba ce, amoniya, wani sinadari mai guba da ke fita daga jikinta da kashinta da ragowar abinci tana ƙona mata fata da wurin numfashi, gashin bakin ya fara cinyewa, ta daina cin abinci. Filta, wato matatar ruwan tanki, aiki biyu take yi, soso yana tare dattin da ido ke gani, sannan ƙwayoyin bakteriya da ke zaune jikin tsakuwa ko ƴan robobin da ake zubawa ciki su mayar da amoniya wani sinadari da ake kira naitirait, shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret wanda gubarsa ba ta kai ba. Waɗannan ƙwayoyin sai sun ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki, kuma in ka wanke filta da ruwan famfo mai kilorin ka kashe su, shikenan an koma farko. Da ruwan tankin ake ɗauraye ta.

Famfon da ke tura ruwa cikin filta ya kamata ya juya ruwan tanki duka sau 5 zuwa 10 a awa, wato ga lita 650 ana neman mai tura kamar lita 3,250 zuwa 6,500 a awa. Ƙananan filtocin da ake maƙalawa a jikin gilashi ba za su iya ba. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramin tanki na biyu a ƙasa wanda ruwa ke gangarawa ciki ya bi ta soso da tsakuwa famfo ya dawo da shi, ko duron roba na lita 200 da aka cika da kayan tacewa, wanda duk mai gyaran famfo a Gombe zai iya haɗawa. Rufaffiyar filta ta kanti tana da kyau amma in aka ɗauke wuta na awoyi iskar cikinta ƙarewa take yi ƙwayoyin su mutu, wuta na dawowa ta watso ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki, don haka a wajenmu ƙaramar sola ko inbata ga famfo da injin iska tana cikin kuɗin tankin tun farko.

Naitiret filta ba ta cire shi, sai canjin ruwa, kashi 25 zuwa 50 cikin 100 duk sati. Ruwan famfo na Dadin Kowa ko na Gubi a Bauchi a sa masa maganin cire kilorin ko a bar shi ya kwana a buɗe, na rijiyar burtsatse kuma yana zuwa da ƙarancin iska sai an kaɗa shi. Tarwada ta fi son ɗumin digiri 26 zuwa 30, a zafin Maris da Afrilu amoniya ta fi yin illa iska kuma ta ragu a ruwa, a hunturun Disamba da Janairu cinta yana raguwa, sai a rage abincin kada ya ruɓe a ƙasa.