Wai mai ciki kar ta ci kifi?

Tun muna yara a Yawuri muke jin iyaye na cewa mai ciki ta bar kifi, wai ɗa zai yi ƙato ta wahala wajen haihuwa. Tausayi ne ya sa suke faɗa, amma ba haka bane. Kifi na da wani mai, omega-3, jiki baya haɗa shi sai an ci, kuma dashi ƙwaƙwalwa da idon jariri ke ginuwa musamman wata 3 na ƙarshe, ta cibiya yake samu, in an haife shi kuma ta nono. Dafaffen kifi sau 2 a sati, ko sardin na gwangwani, yana taimakawa sosai. Girman ɗa fiye da kima sau da yawa ciwon suga ne, in kinje awo kice a gwada miki, ki tambayi nas. Dan Allah a tura ma 'yan uwa mata.